Matakalar da ke kai yaranmu bayan babur da adda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana a kan abin da ke ci wa iyaye tuwo a ƙwarya a unguwannin Hausawan Sudan, wato shigar samari cikin gungun masu ƙwace. Mutanen Kano sun san daba, na Bauchi sun san sara-suka, na Gombe sun san kalare. Mu a nan sunayen da ke tayar wa uwa hankali su ne Tis'a Ɗawila, masu fizgen waya da jaka a kan babur, da kuma gungun da ake kira Nigaz, masu fitowa su da yawa da satur, wato adda. Tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 suna nan a gefen Khartum da Omdurman, a unguwanni irin su Mayo da Hajj Yusuf da Umbadda. Yanzu da mutane ke komawa gidajensu bayan sojoji sun karɓe Khartum a watan Maris na 2025, maganar ta dawo sabuwa, kuma ta dawo da bindiga a hannu.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne yaro ba ya kwana na kirki ya tashi ɗan fashi. Matakala yake hawa, taki bayan taki, kuma a kowane taki akwai inda za a iya riƙo hannunsa. Riƙon yana da arha a ƙasa, yana da tsada a sama. Mu kuwa sai ya kai ƙololuwa muke farkawa, mu ɗauko sanda.

Bari mu fara da yadda aikin yake, domin wanda bai san sassan inji ba ba zai gyara shi ba. Fizgen waya da ake gani kamar aikin mutum biyu ne, a gaskiya hannu biyar ne a ciki. Akwai mai tuƙin babur, wanda aka cire lambarsa ko aka shafe ta da laka. Akwai na baya, mai fizgewa, da satur a cikin riga ta bayan wuya ko a ɗaure a cinya. Akwai ɗan leƙen asiri, yawanci ƙaramin yaro mai sayar da ruwa ko goge takalmi a tashar mota, wanda aikinsa kawai ya nuna wace mata ce ta sa waya a aljihun jaka na waje. Akwai mai babur ɗin, wanda ba ya fita ko kaɗan, haya yake bayarwa ya karɓi kasonsa ko an samu ko ba a samu ba. Na biyar shi ne mai saye, wanda ke da tebur a kasuwa da sunan gyaran waya. Lokacin da suka fi so shi ne tsakanin magariba da isha, sa'ad da mutane ke rububin shiga mota, hankali ya rabu. Cikin minti kaɗan an zare layin an jefar, wayar kuma in ta ƙi buɗuwa sai a kwance ta, a sayar da fuskar daban, batirin daban. Tunda kuɗin mutane da yawa yanzu a cikin waya suke, a manhajar banki irin Bankak, wasu sun koma tsare mutum su sa masa wuƙa har sai ya buɗe ya tura. A duk wannan sarƙa, wanda ya fi shiga haɗari shi ne na bayan babur, shi ake kamawa, shi ake duka har lahira, kuma kasonsa ne ya fi ƙanƙanta. Mai babur da mai saye suna gida suna shan shayi.

Takin farko kusan kullum barin makaranta ne, kuma ba ya zuwa da hayaniya. Makarantar gwamnati a takarda kyauta ce, amma akwai kuɗin gudummawa, kuɗin littafi, kuɗin riga, ga kuɗin faɗur, karin kumallon da ake ci wajen ƙarfe goma. Yaron da ba shi da kuɗin sanwicin ful, wato dafaffen wake, ko ɗa'amiyya mai kama da ƙosai, yakan tsaya a gindin bango yana kallon 'yan ajinsu suna ci. Yau ya daure, gobe ya daure, jibi sai ya fita ta katanga kafin a buga ƙararrawa. Sai ya fara zuwa kwana uku a mako, sai biyu. Aji mai ɗalibai masu ɗimbin yawa, malamin da albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, wa zai lura an rasa mutum ɗaya? Kafin uwa ta ji labari an yi wata biyu.

Daga nan sai wofintaccen yini. Wannan shi ne abin da aka fi rainawa. Yaro ɗan shekara goma sha uku da ba shi da inda ake jiransa daga safe har dare zai nemi inda za a jira shi, kuma majalisar kan kwana tana nan, ba ta korar kowa. A can akwai babban yaya, wanda ya girme shi da shekara biyar ko shida, mai sabon takalmi da waya biyu. Ba ya ce masa zo mu yi sata. Aikensa yake yi: sayo mini sigari, ka riƙe canjin. Kai wannan ƙunshin wurin wane, kada ka buɗe. Tsaya a bakin lungu, in ka ga motar 'yan sanda ka yi fito. Ana haɗa kwano ɗaya na bosh, burodi da ruwan ful da ɗan mai, a ce masa matso ka ci. Wanda ya ciyar da kai sau talatin ya riga ya saye bakinka. Sai bashi ya biyo baya: an ba shi ƙwaya kyauta sau uku, na huɗu an rubuta. An ara masa waya ta ɓace a hannunsa, wani lokacin su da kansu suka ɗauke ta. Ranar da aka ce fito ka biya bashinka, ba shi da abin biya sai jikinsa. Bayan fita ta farko kuwa an gama da shi, domin yanzu akwai waɗanda suka gan shi, wataƙila ma sun ɗauke shi a waya, kuma an raɗa masa sabon suna wanda unguwa ke jin tsoro. Yaron da a gida ake kira "kai" ya samu suna.

Akwai wani dalili da ya shafe mu Hausawa fiye da maƙwabtanmu, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar ba kasafai suke saninsa ba. Shi ne takarda. Kakanninmu sun zo ƙasar nan ta hanyar hajji tun ƙarnuka, wasu kuma sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nil Azraƙ kusa da Sinnar. Hannunsu ne ya noma audugar Jazira tun da aka buɗe madatsar Sinnar a 1925, su ne kuma suka sha ranar gonakin dawa da riɗi na Gadarif. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan asali shi ne wanda kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Ka ga mutanen Burmi sun makara da 'yan shekaru. Daga baya an sassauta, dokar 1994 ta mayar da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma tabon ya zauna a zukatan ma'aikata da kuma a gidajen da kaka bai taɓa karɓar jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, ba, uba ma haka. Yau komai sai da raƙam waɗani, lambar ɗan ƙasa: jarrabawar shahada ta kammala sakandare, layin waya, asusun banki, lasisin tuƙi, fasfo. Kafin a ba ka lambar ana neman takardar haihuwa da shaida daga dangin uba wanda shi ma yake da tasa. Yaron da aka haifa a gida a cikin kambo, irin matsugunan 'yan ƙwadago na Jazira da ba su da asibiti ba su da rajista, ba shi da ta farko. In mahaifinsa ya rasu ko ya yi nisa, ba shi da ta biyu. To ka dubi lissafin da yaro mai hankali zai yi: in na yi karatu shekara goma sha biyu ba zan zauna jarrabawa ba, in na koyi tuƙin raksha, babur mai ƙafa uku, ba zan samu lasisi ba, kullum ana kama ni. Gungu kuwa ba ya tambayar lamba. Mun sha jin ana cewa yaran nan ba su da buri, alhali sau da yawa burin ne ya buga da bango ya dawo.

Talauci kowa ya san shi, ba sai mun ja ba. Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur. A Disamba 2018 burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, Aɗbara ta fito kan titi. A 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda wannan ya kwashe manya daga gida. Uba ya tafi haƙar zinariya a wajen Abu Hamad, wata shida ba a gan shi ba, ko yana gonakin Gadarif daga shuka har girbi. Uwa tana fita da asuba da murhu da kujerunta ta sayar da shayi da zalabiya a bakin titi, ba ta dawowa sai dare, ga fargabar kasha, samamen da ake yi a kwashe musu kaya. Ba sakaci ba ne, neman abin sa wa a baki ne. Amma sakamakon ɗaya ne: gida babu babba daga safe zuwa dare.

Sai ƙwaya, wadda ita ce igiyar da ke ɗaure duk sauran. A ƙasa akwai silisiyon, gam ɗin facin taya, wanda shammasa, yaran da ke kwana a titi, ke zubawa a tsumma su cusa a baki suna zuƙa. Ka ga yaro da tsumma a dunƙule a hannu, leɓɓansa sun bushe, idonsa ya yi ja yana kallon wuri ɗaya, to shi ne. Suna sha ne domin yana kashe yunwa da sanyi. Sama da shi akwai bango, wato wiwi, da ƙwayoyin da ake kira kharsha, da taramol. A 'yan shekarun kafin yaƙi kuma sai ais ya shigo, mai kama da garin gilashi, wanda ya sha bamban da sauran. Mai shansa yana iya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, ba ya jin yunwa, yana ramewa, haƙora suna lalacewa, kuma yana zargin kowa har mahaifiyarsa. Tsadarsa ta fi ƙarfin ɗan aike, don haka mai shan ais dole ya sata ko ya sayar wa wasu. In ya sake shi kuma sai baƙin ciki mai nauyi ya danne shi kwanaki, abin da ke mayar da shi ke nan. Sau da yawa sarar da ake yi wa mutum bayan ya riga ya miƙa wayarsa, wadda ke sa mutane cewa yaran nan ba su da imani, daga nan take fitowa.

Kada kuma a manta da tsoro. Da yawa ba kwaɗayi ya kai su ba, neman inuwa ne. Yaron da aka tare sau biyu a hanyar kasuwa aka ƙwace masa ciniki ya gane cewa wanda ke da gungu ba a taɓa shi. Haka wanda ya tashi yana jin ana jifansa da kalmar baƙo a ƙasar da aka binne kakan kakansa. Bayan rikicin jihar Nil Azraƙ na Yuli 2022, da wanda ya biyo baya a Wad al-Mahi a Oktoba, dubban iyalai Hausawa sun watsu zuwa Sinnar da Jazira da Kosti, suka zauna a makarantu da filaye. Samarin da suka ga an ƙone gidajensu sun koyi darasi ɗaya, cewa wanda ba shi da ƙarfe a hannu shi ake kora. Darasi ne mai guba, kuma mai neman yaran aiki ya san yadda ake amfani da shi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ɗauki duk waɗannan ya ninka. A makonnin farko gidajen yari irin su Kobar da Huda suka buɗe, fursunoni suka fita. Makarantu suka rufe, har UNICEF ta ce a Oktoban wannan shekarar yara miliyan 19 ba sa zuwa aji. Jarrabawar shahada ta 2023 ba a yi ta ba sai ƙarshen Disamba 2024. Wasoso ya samu suna na kansa, shafshafa, kuma kayan gidajen mutane suka cika kasuwanni ana sayarwa a fili da rana tsaka. Yaron da yake ɗan shekara goma sha biyu a lokacin ya girma yana ganin wanda ya ɗauki bindiga shi ke da mota da firji, malaminsa kuma yana layin takiyya, inda ake dafa abincin sadaka, da kwano. Ɓangarorin yaƙi sun ɗauki samari, wasu ba su kai shekara goma sha takwas ba. Waɗannan za su dawo unguwa, wasu sun riga sun dawo, da hannun da ya saba da kunamar bindiga kuma babu sana'a.

Yanzu ga abin da ake yi wanda ba ya aiki. Dukan taron dangi shi ne na farko. An kama na bayan babur, an yi masa jina-jina, an ɗauka a waya an watsa. Mai babur ya samu wani yaron kafin sati ya zagayo, abokan wanda aka daka kuma sun samu dalilin ramuwa, daga nan suka fara fita da niyyar sara. Kuma sau nawa aka daki wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai baƙi ne mai tsohuwar riga? Samamen kwashe duk samarin lungu shi ma haka: ana haɗa ɗan aike da gwani a ɗaki ɗaya, ya shiga da sanin fito ya fito da sanin kwance babur. Wasu iyayen kuma sukan kai yaro halwa, wato makarantar allo, mai mari, a ɗaure shi a yi ta duka da sunan gyara. Halwa gadonmu ce, ta yaye malamai masu yawa, amma sarƙa ba ta warkar da mai shan ais. Yana buƙatar likita, domin kwanakin farko na bari su ne masu haɗari, har wasu kan yi yunƙurin hallaka kansu. Na ƙarshe shi ne tara kuɗi a damƙa wa yaro jari a hannu. Wanda ake bi bashin ƙwaya, jarin ba zai kwana ba.

Abin da ke aiki ba shi da ƙyalƙyali, kuma unguwa za ta iya fara shi ba tare da jiran hukuma ba. A samu mutum biyar: limami, malamin makaranta, mace ɗaya da mata ke jin maganarta, mai sana'a, da saurayi ɗaya wanda majalisa ke ganin girmansa. Su bi gida gida su rubuta sunan duk yaro daga shekara goma zuwa goma sha bakwai, da amsar tambaya uku: yana zuwa makaranta, yana da lamba, wa ke gida da rana. Wannan littafin kada ya fita hannunsu, kada ya je wurin 'yan sanda. Ranar da aka ji ya je, babu uwar da za ta sake buɗe baki.

Sai a fara da takarda. Wanda ba shi da takardar haihuwa ana iya yi masa shahadar tasnin, inda likitocin hukuma ke ƙiyasta shekarunsa. A nemo baffa ko wani dangin uba mai lamba, a biya masa kuɗin mota ya zo ya tsaya shaida, a tafi da shehun unguwa ko umda, wato dagaci. A kai yara rukuni rukuni, goma a tafiya ɗaya, da babban da ya iya magana da ma'aikata, domin talaka shi kaɗai in aka ce masa dawo gobe sau uku ba ya komawa. Kuɗin wannan a fitar da shi daga sanduƙ, adashin da matanmu suka iya tun fil azal, a ware zubi ɗaya domin takardun yara.

Faɗur na makaranta shi ne abu na biyu. Takiyyoyin da suka ciyar da unguwanni a lokacin yaƙi sun nuna cewa tukunya ɗaya ta ful ko adas tana riƙe mutane da yawa. A mayar da tukunyar ƙofar makaranta, a raba wa kowa ba tare da ware marasa hali ba, don kada cin ya zama abin gori. Malami kuma ya riƙe ƙa'ida ɗaya: yaro ya yi fashin kwana uku a jere, a aika gidansu a rana ta huɗu.

Ga waɗanda makaranta ta riga ta wuce su, sai koyon sana'a, amma da sharaɗi. A sa yaro wurin usɗa, wato ogan sana'a, makanikin raksha ko mai walda ko mai haɗa sola ko mai agashe, sana'ar da kowa a Sudan ya san tamu ce. A rubuta yarjejeniya ta wata shida a gaban shaidu biyu. A riƙa ba shi ɗan abin kashewa kullum da yamma, ba ƙarshen wata ba, domin gungu kullum yake biya, kuma wanda ya saba da kuɗin yau ba zai iya jiran kwana talatin ba. Kada a sa abokai biyu daga majalisa ɗaya a shago ɗaya. In ya gama, a saya masa kayan aiki, kada a ba shi kuɗinsu. A kuma sa rai zai zame sau ɗaya ko biyu, ya ɓace kwana uku ya dawo. Usɗan da zai kore shi a zamewar farko bai dace da wannan aikin ba.

Fitar da wanda ya riga ya yi nisa ita ce mai wuya, domin ba shi kaɗai zai yanke ba. Akwai bashi, akwai sirrin da ya sani, akwai wanda ya sara. Nan ne judiyya ke da amfani, sulhun dattawa da Sudan ta gada. Ajawid, wato dattawan sulhun, su zauna da babban yayan, a lissafa bashin a biya sau ɗaya a gaban shaidu, a ce an rufe. Su je gidan wanda aka cuta da mahaifin yaron ko baffansa, a mayar da abin da za a iya mayarwa, a nemi afuwa. Sannan a ɗauke yaron daga unguwar na wata shida zuwa shekara, a kai shi wurin dangi a wani gari inda aiki ke jiransa tun kafin ya sauka daga mota. In kuwa an kama shi kuma bai kai goma sha takwas ba, iyaye su sani dokar yara ta 2010 ta ce shi yaro ne, wanda bai kai goma sha biyu ba ma ba a ɗora masa laifi, kuma shari'arsa ta sashen kare iyali da yara ce na 'yan sanda da kotun yara. Su nemi a mayar da shi can tun ranar farko, kafin ya kwana da manya.

Sai mai saye. Duk unguwa ta san teburin da ake kai wayar da ba ta da kwali. Shugabannin kasuwa su wajabta wa duk mai sayen tsohuwar waya ya rubuta lambar jikinta da sunan wanda ya kawo, wanda ya ƙi a tashe shi daga layin. Limamai kuma su faɗa a huɗuba da sunan abin, cewa wayar da aka ba ka a sulusin kuɗinta ka san daga ina ta fito, haka firjin shafshafa da ke ɗakinka.

Ga 'yan uwa da ke aiko da taimako daga Jidda da Makka da Kano, Allah ya saka da alheri. Roƙonmu shi ne in za ku aiko wa ɗan ƙaninku, ku tambaya tukuna ko yana da lamba, kuma wane ne usɗansa. In amsar babu ce, kuɗin wannan watan ya tafi can, a hannun baffa ko gwaggo, ku kuma nemi a turo muku hoton takardar.

Wassalam.

Daga wasu malaman makaranta da masu aikin kula da matasa,
Gadarif, Sudan.